Yini Guda a Ƙarƙashin Duwatsun Miniatur Wunderland

Da sassafe na kama jirgin ƙasa daga Berlin, kafin awa biyu ta cika mun shiga babbar tashar Hamburg. Daga nan na hau jirgin cikin gari mai lamba U3, na sauka a Baumwall, na haye gada da ƙafa zuwa Speicherstadt, unguwar tsofaffin rumbunan 'yan kasuwa da aka gina da jan bulo a bakin ruwa. A da kofi da shayi da kayan yaji ake jibgewa a nan, kuma a 2015 UNESCO ta sa unguwar cikin wuraren tarihi na duniya. A ɗaya daga cikin rumbunan nan Miniatur Wunderland yake, shimfiɗar ƙananan jiragen ƙasa da babu mai girmanta a duniya.

Wasu tagwaye ne, Frederik da Gerrit Braun, suka fara aikin a ƙarshen 2000, aka buɗe wa jama'a a 2001, kuma har yau ba a daina gini ba. Komai an rage girmansa sau 87. Mutum bai wuce santimita 2 ba, tsakanin ƙarafunan dogo milimita 16.5 ne kacal, amma in aka haɗa tsawon layin duka ya haura kilomita 16.

Na bi ayarin 'yan kallo kamar kowa. Na ga Hamburg ɗin kanta, na ga Amurka da Italiya, na ga Sikandinebiya inda jiragen ruwa ke yawo a kan ruwa na gaske, lita 30,000. A ɓangaren Suwizalan sai da aka fasa daben da ke tsakanin hawa biyu don duwatsu su sami wurin miƙewa. Kowane minti 15 rana takan faɗi, ɗakin ya yi duhu, dubban fitilu su kama a tagogi da tituna, sannan gari ya sake wayewa. Filin jirgin saman Knuffingen (wani ƙagaggen gari ne a cikin shimfiɗar), wanda aka buɗe a 2011 bayan aikin kusan shekara shida, shi ya fi tara mutane, domin jiragen suna tashi suna sauka a gaban idonka.

Sai dai ni sana'ata wayarin ce, don haka duk inda na tsaya, hankalina yana ƙarƙashin teburin. Shi ya sa tun kafin in taso na yanki tikitin zagayen bayan fage, inda ake shiga da mutane kaɗan ta 'yan siraran lunguna a bayan duwatsun.

Can ne na ga abin da ya kawo ni. Dutsen da ke ba mutane sha'awa daga waje, cikinsa fanko ne: ƙwarangwal na katako, da raga, da filasta da aka shafe da fenti. Ƙarƙashinsa kuwa layuka ne jere, inda jirage ke fakewa suna jiran lokacinsu ya yi su fito. Mai kallo yana ganin jirgi ya shiga rami ya ɓace, wani daban ya ɓullo, bai san akwai tasha guda a ɓoye a ƙasan ƙafar dutsen ba.

Wayoyin su suka fi tsayar da ni. Duk wanda ya taɓa shimfiɗa irin wannan layi ko da na mita biyu ne ya san ƙarfen dogo ba ya ɗaukar wuta kamar tagulla, kuma mahaɗar ƙarfe da ƙarfe takan saki in an jima. In ka dogara da ita, jirgi zai tashi da ƙarfi kusa da inda wuta ta shigo, ya yi sanyi a nesa. Maganin shi ne a ja wayoyi masu kauri a ƙasan katako su bi layin, a riƙa fitar da 'yan ƙanana daga jikinsu ana liƙa su da dalma a gindin dogon, taki kaɗan a sake liƙa wata. Aiki ne na haƙuri, na kwanciya rigingine, kuma ba mai ganinsa. A wurina shi ne ainihin ginin.

Sannan an yanka layin gida-gida. Da jirgi ya shiga wani gida ya fara jan wuta, na'ura za ta ji, ta gaya wa kwamfuta cewa nan akwai mai shi, ita kuma ta tsare na baya har sai na gaba ya fice. Da haka ɗaruruwan jirage ke zirga-zirga ba tare da karo ba. Ɗakin da ake lura da su a buɗe yake ga 'yan kallo, ma'aikata na zaune gaban allunan kwamfuta, in jirgi ya tsaya inda bai kamata ba su tashi su je. Sau da yawa laifin ƙura ne, don 'yar ƙura kaɗan a kan dogo ta isa ta raba taya da wuta.

Motocin kuma dabararsu daban ce. An binne siririyar waya a ƙarƙashin titi, a gaban kowace mota akwai ɗan maganaɗisu da ke bin ta, shi ke juya tayoyi. Da batir suke tafiya, in ya yi ƙasa motar da kanta take zuwa wurin caji. Na daɗe tsaye ina kallon motocin kashe gobara na Knuffingen suna fita da jiniya, ina lissafa yawan wayar da ke kwance ƙarƙashin mararraba guda.

Magariba ta yi kafin na fito. A jirgin komawa Berlin na zaro takarda na sake zana wayarin ɗin 'yar shimfiɗata da ke gida, na raba layin gida huɗu, na ƙara wuraren liƙi shida a kwanar da jirgina ya saba yin sanyi.