Yadda na rataye ƙwayar soso a iska da sauti

Sauti na tura abin da ya daka, kuma tun 1902 masanin kimiyya ɗan Birtaniya Lord Rayleigh ya yi lissafin wannan matsi. Don in gani da idona, na cire ƙananan lasifikoki masu alamar T (su ne masu fitar da sauti) daga na'urorin auna nisa HC-SR04 guda biyu, na haɗa su da ƙaramar kwamfuta Arduino Nano da allon ƙarfafa wuta L298N a kan volt 12. Na sa Timer1, ma'aunin lokacin da ke cikin Arduino, ya raba bugun agogon Arduino na megahertz 16 gida 400, ya ba ni kilohertz 40 cif. Jinkirin da ake rubutawa cikin lambar shiri ba ya riƙe wannan adadi, lasifikokin kuwa da an kauce kaɗan ƙarfinsu ya zube.

Na kafa ɗaya sama ɗaya ƙasa, baki da baki. Sautin da ke hawa da mai sauka suna haɗuwa su yi gaɓa-gaɓa kamar rake, kuma a gaɓar da matsin iska ba ya motsi ne ƙwaya ke zama. Tsawon zangon sautin milimita 8.6 ne, wato akwai gaɓa duk bayan 4.3. Saboda haka ƙwayar farin soson da ake kāre talabijin da shi a kwali kada ta wuce milimita 2. Babba takan yi rawa ta faɗi.

Da ƙwayar ta ƙi tsayawa, na ɓata lokaci ina ƙara wuta, ashe saiti ne matsalar. Karkatar da ido ba ya ko gani ta isa ta watsar da ƙwaya gefe. Sai da na ɗaure lasifikokin a kan dogon kusoshi mai zare, ina juya noti kwata-kwata, sannan ta tsaya cak. Saitin safe ma ba lallai ya kai azahar ba: a zafin digiri 20 sauti na gudun mita 343 a daƙiƙa, a 35 kuwa kusan 352, sai gaɓoɓin su ɗan gusa.

Wajen saka ƙwayar a gaɓa, hantsaki bai yi ba. Ƙarfen na mayar da sauti ya dagula wurin, ga soso na manne masa, musamman a busasshiyar iskar hunturu. Guntun ragar matacin shayi ya fi, domin sauti na ratsa ta.

Da na saka ƙwaya biyu a gaɓa ɗaya, sai suka matso suka manne kafaɗa da kafaɗa. Ramin gaɓar na tattaro su tsakiya, sannan kowace na warwatsa sautin da ya same ta, wanda ke jawo 'yar'uwarta. Ta uku da na ƙara ta sa tarin ya fara juyi, ya faɗo kan lasifikar ƙasa.