Gwangwanin madara a kan Dutsen Dala

Har yau idan na tuna takardun nan goma sha takwas sai raina ya ɓaci. Takardar hoto ta baƙi da fari ba a samunta cikin sauƙi a Kano yanzu. Aiko min da ita aka yi, na yi wata biyu ina jira.

Burina in kwashe birni a hoto guda daga kan Dala, tun daga hasumiyoyin Babban Masallaci har Goron Dutse. Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun a shekarun 1840 Friedrich von Martens ya ƙera kyamara a Faris mai lanƙwasasshen farantin da hoto ke fitowa a kai, gilashinta na juyawa, tana cin faɗin digiri 150. Tawa ko gilashi babu. Gwangwanin madara ne na huda da tsinin allura, na lanƙwasa takarda ta kwanta a jikin bangonsa, don gefe da gefe su samu haske kusan daidai da tsakiya. Buɗe hudar minti ɗaya a hasken rana ya isa.

Sau shida ina hawa dutsen nan. Duk wadda na wanke sai ta fito da wani duhu a tsakiya, kamar an shafa mata toka. Na ce hazo ne. Na ce murfi ne ke ɗigar haske, na naɗe shi da baƙin salatif har ya ƙi buɗuwa. Na canja maganin wanki. Takarda kuwa tana ta ƙarewa.

Wani dattijo mai tsohon shagon hoto na kai wa kuka. Bai ko dubi hotunan ba, ya buɗe gwangwanin ya miƙo min.

"Yaro, leƙa ciki. Me ka gani?"

"Fuskata, Baba."

"To ita ma takardar abin da take gani ke nan."

Cikin gwangwanin ƙyalli yake kamar madubi. Hasken da ya shigo ta hudar sai ya yi ta tsalle daga bango zuwa takarda. Baƙin fenti mara sheƙi kawai yake so, ni kuma na tsallake shi don gaggawa. Takarda goma sha takwas saboda fentin da bai cika cokali uku ba! Idan za ka gwada, fara shafa fentin nan har ƙasan murfi, ka bari ya bushe sarai, kuma ka nemi takarda mara sheƙi, don mai sheƙi idan ta lanƙwashe ita ma tana haska kanta.

Biyu suka rage min. Ta farko na ɗauka bayan la'asar. Da ta fara fitowa a kwanon wanki, rufin kwano bayan rufin kwano har gindin Goron Dutse, hannuna rawa yake.