Ranar da kik ɗin babur ya bugi ƙafata a Agege

Tsohon babur ɗina, wanda na daɗe ina hawa a cikin Agege, ya fara dawo da kik da ƙarfi duk lokacin da na taka shi da safe, har wata rana ya bugi idon sawuna na yi kwana uku ina ɗingishi. Da farko na zargi kabureta, na wanke ta, na canza fulogi, amma matsalar ba ta gushe ba.

Wani dattijon bakanike a Idi-Araba ne ya fahimtar da ni. Ya ce, "Ɗana, wutar fulogi tana tashi tun fistan, wato ƙarfen da ke hawa da sauka a cikin injin, bai kai sama ba, sai fetur ya kama ya tura shi baya, ƙarfin kuma ya biyo ta kik ya sauka a ƙafarka." Da ya cire magneto, wato abin da ke juyawa a gefen injin yana samar da wutar fulogi, sai muka tarar ɗan ƙarfen da ke riƙe shi a kan sandar injin ya gutsire, shi ya sa tayimin, wato lokacin tashin wutar fulogi, ya goce.

Bayan ya sa sabo, ya gargaɗe ni da in daina murɗa totur yayin bugawa, in kuma riƙa taka kik ɗin har ƙasa da cikakken ƙarfi, domin bugun rabi-rabi ma yana haifar da hakan.