Godiyarmu ga waɗanda suka tsaya mana ranar 26 ga Disamba

Assalamu alaikum jama'ar Nima da Mamobi, da 'yan uwa na nesa.

Ni da maiɗakina akwai bashin godiya a wuyanmu, kuma mun ga gara mu biya shi a bainar jama'a, domin wanda ya fi kowa yi mana alheri a ranar ba mu da lambarsa, ba mu san ƙofar gidansa ba.

Duk wanda ya san aikin tela ya san Disamba ba watan barci ba ne. Tun farkon wata keke ba ya tsayawa, wannan na son rigar zuwa coci, waccan na son kayan biki, ga baƙi 'yan ƙasar waje da suka saba cika Accra a ƙarshen shekara tun 2019, kowa na son ɗinkin kente kafin jirginsa ya tashi. Sai daren 24 ga wata muka miƙa kaya na ƙarshe. Saboda haka godiya ta farko ta yaran shagona ce, waɗanda suka kwana kan guga da sa maɓalli ba tare da sun ɓata rai ba. Ba don su ba, da alkawarin da na yi wa uwargida na fita da ita bai cika ba.

Sai Hajiyata, wadda ta ce a kawo mata jikokinta tun da asuba. Da maiɗakina ta fara lissafa mata abin da kowane yaro yake ci, sai ta ce, "Ke 'yar nan, wa ya goyi ubansu? Ku tafi abinku." Allah Ya ƙara miki lafiya, Hajiya.

Maƙwabciyarmu kuma, Anti, Kirista ce 'yar ƙabilar Ga. Kowace shekara ni take kira in yanka mata kajin Kirsimeti don duk gidan mu iya cin girkinta da kwanciyar hankali, mu kuma da Babbar Sallah rabonta na nama ba ya yankewa. Bana har da ta ɗaure mana sauran soyayyen naman a leda, ta ce mu yi guzuri. Mutane suna yawan ba da labarin yadda Babban Limamin ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, ya ziyarci cocin Christ the King a 2019, kuma abin a yaba ne ƙwarai. Amma mu da muka tashi a gidajen haya na zango mun san wannan zaman tun kafin a ɗauke shi a hoto.

Wurin tunawa da Kwame Nkrumah muka fara zuwa. Maiɗakina 'yar Aboabo ce a Kumasi, tun da aure ya kawo ta Accra ba ta taɓa shiga ba, ni ma rabona da wurin tun kafin gyaran da aka yi aka sake buɗe shi a 2023. Akwai wata budurwa cikin masu yi wa baƙi bayani da ta lura Turancin yana yi wa uwargida sauri, sai ta ja mu gefe ta koma yaren Twi. Ta nuna mana cewa a wannan filin Nkrumah ya tsaya ya shelanta 'yancin kan Ghana a 1957, ta kai mu gaban mutum-mutuminsa da aka sare wa kai a juyin mulkin 1966, ga kan nan ajiye a gefensa. Amma inda maiɗakina ta daɗe tsaye shi ne kabarin matarsa Fathia, 'yar Masar, wadda ta rasu a 2007 aka kawo ta aka binne kusa da mijinta. Ta yi ta tambaya, yarinyar nan tana amsawa ba gajiya, ga layin mutane na jiranta. 'Yar uwa, ba mu tambayi sunanki ba, amma kin san aikinki, kin kuma san darajar mutane.

Daga nan muka leƙa kasuwar masu sana'ar hannu da ke kusa, muka wuce Jamestown muka ga hasumiyar jiragen ruwa da kwalekwalen masunta, muka yi azahar a Tudu, muka ci wake da shinkafa. La'asar sakaliya muna bakin teku a Labadi, cikin kiɗa da dawakai da jama'a ba masaka tsinke. Ta ce ƙafarta kawai za ta sa a ruwa, kuma na daɗe ban ga ta yi dariya irin ta yammacin nan ba.

Bayan magariba trotro, wato ƙaramar bas ta haya, ya gagara samu, sai muka ɗauki tasi. Muna shiga ɗaki ta dafa kafaɗarta ta ce, "Innalillahi, jakata!" A ciki akwai wayarta, da katin shaidar ɗan ƙasa, wato Ghana Card, da katin inshorar lafiya. Duk waɗannan da sauƙi. Abin da ya sa ƙafafunta suka kasa ɗaukarta shi ne kuɗin adashen matan gidanmu, domin ita ce uwar adashe, da safen ta karɓi zubi, ta ga bai kamata ta bar kuɗin mutane a ɗakin da ba kowa ba. Kuɗin nan na wata baiwar Allah ne da ke jiran kwasa don ta biya haya a Janairu.

Na yi ta kira ba a ɗagawa. Matan gidan suka taru, kuma ina so a sani, babu wadda ta yi mata maganar da za ta sosa rai. Mai kwasar da kanta ita ce ta riƙe hannunta tana cewa, "Yaya, ki sha ruwa tukuna." Ƙannena 'yan majalisar bakin titi kuwa suka hau babur suka bi tashoshin tasi har Labadi. Na gode muku, samari.

Dare ya yi nisa sai aka ɗaga. Direban ne. Ya ce ya isa gida Ashaiman, yana kakkaɓe mota ya ji ƙara a ƙarƙashin kujera. Na ce ya ajiye, gobe in zo in karɓa. Ya ce, "A'a, Masta, Hajiya ba za ta yi barci ba." Mutumin da ya wuni cikin cunkoson Kirsimeti, ya sake tayar da mota ya biyo babban titin Tema ya dawo Nima. Ya sa ta ƙirga kuɗin a gabansa, ko sidi ɗaya bai yi ciwon kai ba. Na ba shi tukuici ya ƙi, da ƙyar ya karɓi kuɗin mai. Cikin ruɗewa da murna har ya ja mota bai faɗo mana mu karɓi lambarsa ba.

Dattijo ne mai furfura a gemu, yana jin Hausa kaɗan-kaɗan, akwai ƙaramin gicciye rataye a madubin motarsa. 'Yan uwanmu na zangon Ashaiman, don Allah duk wanda ya ji wani direba ya ba da irin wannan labari, ya isar masa da gaisuwarmu, ya kuma haɗa mu da shi. Matan gidanmu sun ce sai sun je sun gaida iyalinsa, ni kuma na ware yadi, awonsa kawai nake jira.

Allah Ya saka wa kowa da alheri, Ya tsare masa dukiyarsa da mutuncinsa, Ya sa mu ga sabuwar shekara lafiya. Amin.