Na je Legas sayen kaya, na ɓige da kallon layin dogo

Daga Maraɗi zuwa Ɗan Isa ba abin faɗi, hanya ce da kowa ya sani. Bayan mun ƙetara Jibiya ne wahala ta soma, shinge bayan shinge, har wani mai kaki ya amshi takarduna ya jujjuya su ya ce wai hoton bai yi kama da ni ba, ya bar ni tsaye cikin rana yana ta danna waya. Mu ma jandarmominmu ba waliyyai ba ne amma aƙalla suna amsa sallama. Sai da direba ya je sunka yi ƙus-ƙus sannan munka wuce. Motarmu ta bi ta Daura da Kazaure, can na hango aikin layin dogon nan na Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, wanda anka ƙaddamar a Fabrairun 2021 kuma kamfanin Mota-Engil na Fotugal ke yi.

A Legas Agege na sauka, gidan wani dattijo abokin mahaifina, tsohon ma'aikacin reluwe. Wallahi mutumin nan ya yi mini abin da ko ɗan cikinsa sai haka, ɗakinsa ya bar mini ya koma zaure, na ce Baba ai ba a yi haka ba, ya ce ɗana in ka sake magana sai na buga wa tsohonka waya. Washegari ya ce kasuwa ba guduwa za ta yi ba, sai na fara shiga Red Line, jirgin cikin gari da anka buɗe a 2024, daga Agbado zuwa Oyingbo kilomita 27. Da katin Cowry ake biya, ba kwandasta ba rigimar canji, ga sanyi, ka zauna kana kallon motoci sun cushe a Oshodi kai kana wucewa abinka.

Abin da ya ɗaure mini kai, ashe layin ba nasa ba ne shi kaɗai. A kansa jirgin Ibadan ke bi, a kansa kuma jirgin kaya ke jawo kwantenoni daga tashar ruwa ta Apapa. Ga tsohon layi na nan gefe, faɗinsa milimita 1,067, sabon kuwa 1,435, taragon wancan ba ya hawa wannan ko da me. Na ce Baba to ya ba su yin karo? Da munka sauka ya ja ni bakin shinge ya nuna mini inda layi ke rabuwa biyu. Wasu ƙarafa ne guda biyu masu siririn baki, gefensu akwati mai inji a ciki, muna tsaye sai ga ƙarafan sun matsa da kansu ƙwas, ba kowa kusa. Ya ce a zamaninsu mutum ke jan ƙarfe da hannu ya ɗaga tuta, yanzu daga ɗakin masu kula ake bada umarni, kuma na'urar ba ta yarda fitilar da ke ba jirgi hanya ta yi kore sai ta tabbata ƙarafan sun kulle inda ya dace kuma ba jirgi a gaba. Yadda take sani, ko dai a saki ɗan lantarki cikin layin ƙafafun jirgi su haɗe shi, ko a kafa abin da ke ƙirga ƙafafun da sunka shiga da waɗanda sunka fita, in lissafi bai cika ba fitila na nan ja. Jami'i ne da bai san goro ba.

Inda zancen ya shafe mu ƴan kasuwa shi ne ƙaramin reshen da ke shiga sito ko masana'anta, inda ake lodi da sauke kaya. Baba ya ce can ciki ana tura taragu a hankali ana bada umarni da alamar hannu da rediyo, amma bakin da reshen ya haɗu da babban layi a kulle yake, sai ɗakin kula ya saki mabuɗi. Kuma ƙa'ida ce a sa wani ƙarfen tarko kafin mahaɗar, in tarago ya kuɓuce shi kaɗai ya kautar da shi gefe, gara ya faɗi ƙasa da ya tari jirgi cike da mutane. Jirgin kaya dogo ne ga nauyi, kafin ya ja jiki ya fice daga mahaɗa ya cinye lokacin na fasinja, shi ya sa kusan ko'ina shi ke jira, sau da yawa sai dare ake ba shi hanya.

Ni dai tun nan hankalina ya koma gida. Kowa a Maraɗi zancen tasha yake, ina za a gina ta, wa zai samu shago. Ban ji mai tambayar ko za a ja reshe zuwa sito-sito ba, alhali in babu shi kwantena sai an sauke an ɗora wa babbar mota an sake biyan ƴan dako, ribar ta tafi. Kano sun yi tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki, wato inda ake lodi da sauke kwantena kamar a tashar ruwa, Kaduna tasu tun 2018. Mu kuwa mun ga layin Yamai zuwa Dosso yadda ya kwanta ba jirgi, kuma tun da iyakar Benin ta rufe a 2023 kowa ya san abin da kayanmu ke sha a hanya.

Na leƙa kasuwar Mile 12, albasa irin wadda muke yi wa tayin wulaƙanci a gida can sai ka rantse zinariya ce. Kayan gyaran babur na samu da sauƙi don sefa na da ƙarfi a hannun ƴan canji, amma abinci da kuɗin mota sun rama. Dawowa motar dare na hau zuwa Kano, na kwana Katsina, kayan kuma har yanzu suna hanya.