Abin da shuɗin hasken Cherenkov ya koya min a lab

Kafin mu kai ga Cherenkov a kwas ɗin nukiliya, ni dai kwalbar blank a firaktikal abin cika ƙa'ida ce kawai, ka zuba ruwa zalla ka auna ka rubuta sifili ka wuce, wasu ma ko aunawa basa yi wallahi, sifilin kawai suke rubutawa.

To shi Pavel Cherenkov a 1934 ɗalibi ne a ƙarƙashin Sergey Vavilov a Rasha, aikin da aka bashi shi ne ya duba yadda gishirin yuraniyom da aka narkar yake haske idan gamma, wato wani radiyeshan mai ƙarfi, ta buge shi, sai ya ga ruwan narkarwar shi kaɗai, ba gishiri ba komai, shi ma yana fitar da wani shuɗin haske dishi-dishi. Idonsa ne na'urar awonsa fa, sai ya zauna cikin duhu ya daɗe har idon ya saba sannan ya fara. Bai ce datti bane ya zubar. Ya canza ruwa iri-iri, ya tace su, ya ɗumama, ya zuba sinadaran da aka san suna kashe irin wancan hasken, abin yana nan daram.

Sai 1937 wasu masana fiziks biyu, Ilya Frank da Igor Tamm, suka bayyana dalili. Haske a cikin ruwa gudunsa na raguwa zuwa wajen kilomita 225,000 a sakan, kusan kashi 75 cikin ɗari na gudunsa a sarari, to ilektron mai ƙarfi da gamma ta ingiza zai iya wuce shi a cikin ruwan, da ya wuce sai hasken ya fito a karkace ta gaba kamar mazurari, wajen digiri 41. Shi ne shuɗin da ake gani a hotunan riyaktan nukiliya. Cherenkov da Frank da Tamm suka ci Nobel a 1958, Vavilov kam ya rasu tun 1951, abin da ya ɗan taɓa ni.

Yanzu haka a Super-Kamiokande, wata cibiyar bincike a Japan, tan 50,000 na ruwa suka tara a ƙarƙashin dutse suna jiran wannan hasken don kama nutirino, wasu ƙananan ƙwayoyi masu wuyar kamawa.

Tun daga nan blank nake fara aunawa, kuma in mita ta motsa ko kaɗan ne bana goge lambar, ina rubuta ta da lokaci a gefen littafi sannan in canza kwalba in sake gwadawa, ko abokan gurup suna min tsiya wai ina ɓata musu lokacin cin abinci.