A gidajen cin abinci na koyi gyaran falona

Akwai tambayar da ta daɗe tana min yawo a kai tun da muka fara fita cin abinci waje ni da ƙawayena, wai me ya sa wani wajen da zarar kin ajiye cokali sai ki ji kin ƙosa ki tashi, wani wajen kuma abinci ya ƙare tuntuni, an kwashe faranti an goge tebur, amma ba wadda ta taɓa jakarta, hira kawai ake ana dariya har sai ma'aikatan sun fara haɗa kujeru? Ba daɗin girki ba ne kaɗai, don akwai inda abincinsu ya fi na kowa amma ba ma daɗewa, akwai kuma inda abincin daidai gwargwado ne amma can muka fi komawa. Bin diddigin wannan tambayar shi ya gyara min falo, fiye da duk hotunan da na tara a waya.

Kuma fa na tara su. Pinterest da Instagram duk a 2010 suka fito, tun da na san su kuwa nake ajiye hotunan ɗakuna, wannan kujerar ta burge ni, wancan labulen ya min, har foldar ta cika. Ba na kushe su, suna buɗe ido, a can na fara gane irin kalolin da raina yake so. Amma hoto ido kawai yake yi wa magana. Ba ya gaya miki yadda muryar mutum take fita a ɗakin, ba ya gaya miki ko kujerar nan bayan minti 20 za ta sa miki ciwon baya, kuma yawancinsu da rana tsaka ake ɗauka a gidan da tagarsa ta kai bango guda, an ɓoye wayoyin wuta, ba takalmi ba jakar makaranta, kai ba ma mutum a ciki. Gidan cin abinci kuwa ɗaki ne da aka tsara shi don mutane su zauna, kuma jikinki ne zai ba ki amsa ko tsarin ya yi ko bai yi ba. Sai na mayar da fitarmu makaranta, ina ci ina kalle-kalle, har Anti babbarmu takan ce "ke dai ci abincinki ƙanwata, silin ɗin ba zai gudu ba."

Abu na farko da na gano shi ne haske, kuma wallahi shi ne rabin aikin. Wuraren da muke daɗewa ba ko ɗaya da yake da ƙaton farin ƙwai guda a tsakiyar silin yana haske kowa ta ka. Ƙananan fitilu ne a warwatse, ɗaya ta sauko a kan tebur, ɗaya a jikin bango, wata a lungu bayan tukunyar fulawa, kuma haskensu ruwan ɗorawa ne mai taushi. Da na je sayen ƙwai sai na fara karanta jikin kwali, ashe komai a rubuce yake. Akwai lamba mai K a ƙarshe, ita ke nuna kalar hasken. 2700K shi ne mai ɗumi irin na tsohon ƙwan nan mai zare a ciki, 3000K ya ɗan fi shi fari kaɗan, 4000K fari ne sosai ya dace da kicin inda ake yanka da wanke-wanke, shi kuwa 6500K fari fat ne mai ɗaukar shuɗi-shuɗi, wanda yake sa falo ya koma kamar ɗakin jiran asibiti. Ƙarfin hasken kuma ba a wat ake dubawa ba yanzu, a lumen ake dubawa, tsohon ƙwai mai wat 60 yana ba da kusan lumen 800, na LED mai wat 9 ma kusan haka yake bayarwa da ɗan abin da zai ja na wuta. Akwai kuma wata lambar da mutane ba sa kula da ita, CRI, wadda ke nuna yadda ƙwai yake fito da ainihin kalar abu, in kin samu 90 zuwa sama to fata da abinci da kayan sawa duk za su fito da kalarsu, in ya yi ƙasa sai ki ga fuskar mutum ta yi wani fayau kamar mara lafiya.

Abin da na yi kawai, na bar fitilar sama don shara da neman abin da ya faɗi, na sa fitila mai tsayuwa a gefen doguwar kujera, ƙarama a kan kantar ajiye kaya, sai ɗaya da mai gyaran wuta ya sauko min da ita a kan teburin cin abinci. Wannan ta ƙarshen ita ce mai son lissafi, tsakanin saman tebur da ƙasan fitilar ya zama santimita 75 zuwa 90, in ta yi ƙasa da haka ta tare miki fuskar wadda ke gabanki, in ta yi sama kuma ƙwan ya dinga dukan ido. Duka ƙwayayen 2700K na saya don kar kala ta saɓa. Ban sake fenti ba a lokacin, ban sayi kujera ba, amma ranar da ƙawayen suka zo ɗayarsu tana shigowa ta ce "ƙawa, kin sake fenti ne?"

Na biyu shi ne ƙara, wanda shi kam ba hoton da zai nuna miki. Mun taɓa zuwa wani waje sabo, kyakkyawa na gaske, ƙasa tayil, bango gilashi, silin siminti tsirara, kujerun ƙarfe, kowa na ɗaukar hoto. Kafin a kawo abinci mun fara ɗaga murya, kafin mu gama ci ihu muke wa juna, ita Anti da kunnenta ɗaya ba ya ji sosai sai murmushi kawai take tana gyaɗa kai, na san ba ta jin komai, abin ya tsaya min a rai don ita ce mai labari a cikinmu. Muka fito kowa kanta na sara mata. Daga baya na karanta cewa wani likitan kunne da maƙogwaro ɗan Faransa, Étienne Lombard, tun 1911 ya bayyana wannan abin, cewa mutum in yana cikin hayaniya muryarsa da kanta take tashi ba tare da ya yi niyya ba. To ki duba, teburinku ya ɗaga murya, na kusa da ku ma ya ɗaga don su ji juna, ku kuma ku ƙara, haka za a yi ta hawa. Hirar yau da kullum wajen desibel 60 ce a ma'aunin ƙarfin sauti, amma ɗakin da komai nasa mai tauri ne sauti ba ya samun inda zai nutse, sai ya daki bango ya dawo ya haɗu da sabo.

Da na dawo gida na tsaya tsakiyar falo na tafa hannu sau ɗaya, sai na ji tafin ya yi wata 'yar amsa-kuwwa. Ku gwada, gwaji ne da ba a biyan ko sisi. Maganinsa kayan laushi ne, kafet mai kauri a tsakiya, labule mai nauyi da ya sauka har ƙasa, filallika a kan kujera, kantar littattafai a bangon da yake fili, har ƙyallen tebur yana rage ƙarar faranti da cokali. Labulen ma na sa an ɗaga sandarsa sama kusa da silin, aka kuma faɗaɗa ta ta wuce tagar hagu da dama, sai tagar ta yi girma a ido ɗakin ya yi tsawo, wannan ma a wani gidan shan shayi na gani na ɗauko. Kafet kuwa kar ki sayi ƙarami don tsoron kuɗi, a ƙalla ƙafafun gaba na kujeru su hau kansa, in ba haka ba sai ya zama wani tsibiri a tsakiya kujeru na can suna kallonsa.

Sai zama. Na lura duk inda muka je, in aka ba mu zaɓi, lungu muke nufa, inda bayanmu yake jingine da bango muna ganin ƙofa, kuma teburin da'ira ya fi mana dogo nesa ba kusa ba. A dogon tebur ta wannan ƙarshen da ta wancan ƙarshen sai dai su gaisa da ido. Robin Dunbar, masanin halayyar ɗan Adam na Ingila, shi da abokan aikinsa sun yi nazari a 1995 suka ga hira ɗaya ba ta cika ɗaukar fiye da mutum huɗu ba, in aka wuce haka sai ta rabe gida biyu da kanta. Mu huɗu ne dama, shi ya sa tamu take tafiya, amma ranar da muka gayyato wasu muka zama takwas na ga abin da idona, tebur ɗaya hira biyu, wani lokacin uku. Ba laifi ba ne, haka mutane suke, sai dai ki san da shi tun wajen zaɓen wuri.

Falona a da kujeru duk a manne suke da bango, a jere, kowa na fuskantar talabijin, tsakiya fili fetal. In baƙi suka zo sai kowa ya karkace wuya kafin ya ga na gefensa. Na janyo su daga bango, na sa biyu suka yi kusurwa da doguwar, yadda gwiwa za ta kusa gwiwa, na ajiye ɗan tebur a inda hannu zai kai ba sai an miƙe ba, kusan santimita 40 zuwa 45 daga bakin kujera. Talabijin ya koma gefe, ana ganinsa in ana so amma ba shi ne mai gida ba. Teburin cin abinci kuwa kafinta na sa ya yi min mai da'ira, faɗinsa santimita 120, yana ɗaukar mu huɗu a sake. Ga masu son lamba, tebur tsayinsa wajen santimita 75 ne, kujerarsa 45, kowane mutum yana buƙatar faɗin kusan 60 don gwiwar hannu kar ta daki ta maƙwabciya, sannan a bar kamar 90 tsakanin tebur da bango don a ja kujera a wuce. Ki auna da tef kafin ki saya, ki ma shimfiɗa jarida a ƙasa daidai girman abin ki zagaya shi ki ji, don a shago komai ƙarami yake a ido.

Kala ban wahalar da kaina ba. Akwai tsarin nan da masu ado suke faɗa na kashi 60, 30, 10 cikin ɗari, wato kala ɗaya ta ci yawancin ɗakin, ta biyu ta bi bayanta a kujera da labule, ta uku 'yar kaɗan a filo da firem. Na bi shi sama-sama. Abin da na fi riƙewa shi ne a shafa ɗan fenti a bango a bar shi a gani da safe, da rana, da kuma dare a ƙarƙashin fitilar da za a zauna da ita, don kalar da kika gani a gwangwani ba ita za ki gani a bango ba. Firem kuma tsakiyarsa ya zama kusan santimita 145 daga ƙasa, daidai ido, haka ake ratayewa a gidajen nunin zane, yawancinmu sama muke kai shi har sai an ɗaga kai.

Akwai abin da ban ɗauko ba kuma ba zan ɗauko ba. Wasu wuraren da gangan suke sa kujera mai tauri da haske mai ƙarfi da kiɗa mai sauri don ki ci ki tashi wani ya zauna, kasuwanci ne, ban ga laifinsu ba, amma gida ba haka yake ba. Wasu kuma duhun ya yi yawa har sai kin kunna tocilar waya kafin ki karanta takardar abinci, wannan ma ya wuce gona da iri. Ba na son kayan ado da ba a taɓawa, irin wanda za ki yi ta bin yaro da ido.

Fitar ma kanta ta gyaru. Yanzu in za mu je sabon waje wadda ta zaɓa takan kira ta nemi a ajiye mana lungu nesa da sifika da ƙofar kicin, kuma mukan je kafin wuri ya cika. Maganar kuɗi tun a waya muke gama ta kafin a fito, ko kowa ta biya nata ko a raba daidai, saboda ba kullum aljihu yake ɗaya ba, kuma ba abin da ke kashe daɗin zama irin a kawo bil kowa ta yi shiru tana kallon jakarta. Wadda wata ya yi mata nisa ba sai ta yi bayani ba, sai kawai a zaɓi waje mai sauƙi, ko a ce a haɗu a gidan ɗayarmu kowa ta riƙo abin da ta iya. Wayoyi kuma a jaka suke zama bayan an ɗauki hoto ɗaya ko biyu, Anti ce ta kafa wannan dokar kuma ba mai musa mata.

In haya kike, kusan duk abin da na lissafa ba ya buƙatar fasa bango ko izinin mai gida, ƙwai ne da kafet da labule da jan kujera, ranar tashi ki naɗe kayanki ki tafi da su. Ki fara da ƙwan fitila don shi ya fi arha kuma a daren za ki ga bambanci, sannan ki ja kujerun, ki zauna da su haka na ɗan lokaci kafin ki sayi komai, wataƙila ma ki ga abin da kike shirin saya ba ki buƙatarsa. Ni yanzu abin da ya rage min bakin ƙofa ne, inda takalma da jakunkuna suke taruwa in an zo, na ga wani ɗan benci mai kanta a ƙasa da ƙugiyoyi a sama a wani waje da muka je kwanan baya, na auna wurin nawa na kai wa kafinta, ya ce sai ya gama aikin da ke hannunsa.